Yadda Ake Haɗa wa Yara Kayan Wasa da Guntayen Katakon Kafinta

Duk shagon kafintan da ka leƙa a Maraɗi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, akwai lungun da ake tara abin da ya rage daga aiki: ƙarshen katakon ƙofa, gutsuren ƙafar gado, 'yan siraran da suka faɗo daga gefen kabad. Yawancinsu murhu ne makomarsu. A cikinsu kuwa akwai abin da zai zama motar da yaro zai yi shekaru yana turawa har ya bar wa ƙaninsa, alhali motar robar kasuwa da wuya ta ga Sallah biyu. Ba sai ka zama kafinta ba. Abu biyu kawai za ka riƙe a ranka tun daga farko: duk abin da ka miƙa wa ƙaramin yaro sai ya kai shi baki, kuma sai ya buga shi da ƙasa. Duk awon da za ka gani a nan, daga waɗannan biyun ya fito.

Samo guntayen

Kada ka ɗauka abin banza ne a zube. Mai ƙosai da mai shayi da mai gashin nama duk suna da rabo a ciki, dusar katakon kuma masu kiwon kaji ke kwashewa su shimfiɗa. A shaguna da yawa ma yaran shago ne ke sayar da su su samu na kashewa. To ka fara da mai wurin, ku gaisa sosai, sannan ka ce: "Maigida, 'yan guntaye nake nema in yi wa yara abin wasa, ko za a bar ni in tsinta?" In ya ce bismilla, ka tsinta da hannunka, kada ka karɓi buhun da aka riga aka cika, domin rabinsa ba zai yi maka amfani ba. Ka kuma ba yaran shagon wani abu. Su ne za ka dawo wurinsu in aiki ya kai ga inji.

Tsintar nan ita ce rabin aikin. Farin katako mara nauyi, irin wanda ake shigowa da shi daga kudu, shi ya fi daɗin yanka da gogewa, kuma in yaro ya jefi ɗan'uwansa da shi ba zai fasa masa kai ba. Malaina ma tana da kyau. Jan katako, dangin maɗaci, ya fi ƙarfi da nauyi, sai ka ajiye shi don tayoyi da sandar taya, inda ake buƙatar juriya. Wasu daga cikin katakai masu tauri, musamman loko, ƙurarsu na sa ƙaiƙayi da tari, don haka in za ka goge su ka rufe hanci da ƙyalle, kuma kada ka yi abin jariri da su.

Abin da za ka bari a wurin, komai kyansa: duk katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, irin na rufin ɗaki, wanda warinsa kaɗai zai gaya maka. Guntun turken lantarki. Katakon nan na garin itace da aka matse da gam, wanda ake lulluɓe shi da leda mai sheƙi a yi kayan ɗakin amare: gam ɗinsa na da sinadarin fomaldihaid mai cutarwa, kuma da ya sha yawu ko ruwa sai ya kumbura ya rududduge. Katakon dakalin kaya da ke zuwa cikin manyan motoci yana da hatimi a gefe: in ka ga HT, da zafi aka gasa shi, ba laifi, in ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, bar shi, in ba hatimi ko ya sha mai da tabo, shi ma bar shi, tunda ba ka san abin da ya ɗauko ba. Wanda ke da ƙananan ramuka yana zubar da gari, ƙwaro na ciki.

Sai tsohon katako mai fenti, na taga ko ƙofar da aka cire. Wannan ne mutane suka fi rainawa, ni kuwa shi na fi tsoro. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, sau da yawa akwai dalma a ciki, dalma kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama nan take ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen abin a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Na fenti bai kai wannan yawa ba, amma likitoci ba su san wani ma'aunin dalma da ba ya cutar da yaro ba. Kankare fentin ma ba mafita ba ce, ƙurar za ka watsa a tsakar gida.

Daga ƙarshe ka duba bushewa. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu. In ka yi aiki da shi a damina, hunturu na zuwa zai tsuke, gam ya saki, taya ta faɗi. Jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, ya yi makonni kafin ka taɓa shi.

Kayan aiki

Zarto mai ƙananan haƙora, magagari, guduma, fensir, mitar awo, sukwaya ta daidaita kusurwa, da samfefa kala uku: lamba 80, 120 da 220. Farin gam na katako, wanda ake wankewa da ruwa kafin ya bushe. Kada ka yi amfani da gam mai warin sholisho, wanda masu gyaran takalma da masu kujeru ke aiki da shi. Ka yanka tsohuwar robar cikin tayar babur zuwa dogayen zirara, su ne za su matse maka abin da ka manna. Huda rami kaɗai ke buƙatar inji, kuma in ba ka da shi sai ka yi wa duk ramukanka alama da fensir ka kai shago a huda maka a zama ɗaya.

Ƙusa ba ta cikin jerin nan, da gangan. Katako in ya tsage, ƙusa ce ke fitowa da tsininta. Inda ake buƙatar ƙarin ƙarfi, turaku na katako za mu sa.

Ma'auni guda kuma za ka haɗa: guntun bututun ruwa na roba, mai faɗin milimita 40. A ƙa'idar gwajin kayan wasa ta Turai da Amurka, duk abin da ya shige gaba ɗaya cikin wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7 ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda zai iya maƙale masa a maƙogwaro. Naka bututun ya ɗan fi wancan faɗi, wato ya fi tsanani, hakan ya fi. Abu mai siffar ƙwallo kuwa, kada ya gaza santimita 4.5.

Fara da tubala

Tubalan gini su ne mafi sauƙi, kuma su ne yaro ya fi daɗewa bai gaji da su ba. Nemi guntayen katakon da ake kira tu-bai-tu, wanda kowane gefensa ya kusa santimita 5. Auna ainihin kaurinsa, don bayan an goge shi yakan dawo 4.5, sai ka mayar da wannan awon ya zama tushe. In 4.5 ne, ka yanka wasu a 4.5, wasu a 9, wasu a 13.5, kaɗan a 18. Dalilin shi ne in yaro ya jera gajeru biyu su yi daidai da dogo ɗaya, bango ya tsaya. Tubalan da aka yanka barkatai ba sa ginuwa, yaro ya gwada sau biyu ya watsar.

Don su fito daidai, kafa ɗan katako a kan bencin aikinka a nisan da kake so, ka riƙa tura katakon ya dafa shi kafin ka yanka. Kewaya layin fensir a dukkan gefe huɗu da sukwaya, ka bi shi a hankali. Wasu daga cikin dogayen ka raba su a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, su zama rufi da gangare. Guda 20 zuwa 30 sun isa gida ɗaya.

Sannan gugar. Kashe kowane kaifi da kowace kusurwa da magagari, ka bi da 80, sai 120, sai 220, kana bin tsawon jijiyar katakon, ba a gicciye ba. Shimfiɗa samfefar a kan benci ka riƙa goga tubalin a kanta, ya fi sauri kuma fuskar ba ta lanƙwashewa. A nan ne yaran da suka kai shekara bakwai za su iya sa hannu, a waje inda iska ke kaɗawa.

Motar kaya

Ita ce kowane yaro zai tambaya, kuma duk wahalarta a taya take. Ga awon da ke aiki.

Gindin mota: katako mai kauri santimita 2, faɗi 8, tsawo 22. Kan mota: dunƙulen katako mai faɗi 7, tsawo 6, tsayi 6, ka zaftare kusurwar gaba ta sama a karkace ta zama wurin gilashi. Bodi: sirara huɗu masu kauri santimita 1 da tsayi 4, biyu na gefe tsawon 14, biyu na gaba da baya tsawon 6 don su shiga tsakanin na gefen. Ka lura kada kai ko bodi su fi gindin faɗi, in ba haka ba taya za ta riƙa gugarsu.

Yanzu mazaunin sandar taya. Mutane da yawa suna ƙoƙarin huda gindin motar daga wannan gefe zuwa wancan, ramin ya karkace, mota ta riƙa tafiya kamar kaguwa. Akwai hanyar da ba ta buƙatar inji. Yanka katako biyu, kowanne tsawon santimita 8, faɗi 3, kauri 2. A tsakiyar fuska ɗaya, bisa tsawonsa, ja layi biyu da tazarar santimita 1 a tsakaninsu. Yanka kowane layi da zarto zurfin santimita 1, ka ƙara yanka ɗaya ko biyu a tsakiya, ka ɓalle abin da ya rage, ka share da gefen magagari. Ka samu kwari. In ka kifa wannan kwarin a ƙarƙashin gindin motar ka manna, ya zama rami miƙaƙƙe wanda sanda mai kaurin milimita 8 za ta juya a ciki a sake. Ɗaya ya zauna santimita 3 daga gaba, ɗaya santimita 4 daga baya, kuma ka sa sukwaya ka tabbatar sun gicciye daidai. Kaɗan ka karkace, motar za ta riƙa zagaye.

Sandar taya: in akwai zagayayyen siririn katako na milimita 8 a shagon, shi ke nan. In babu, tsaga jan katako mai miƙaƙƙiyar jijiya, santimita 1 kowane gefe, ka fere kusurwoyinsa da wuƙa. Je wurin mai walda ya huda maka rami na milimita 8 a wani guntun ƙarfe mai kauri, ka ɗora ƙarfen a kan rami, ka buga sandar ta ratsa shi da guduma. Za ta fito a zagaye. Da wannan ƙarfen za ka riƙa yin turakun da za su maye gurbin ƙusa. Tsawon kowace sanda 13, za a rage daga baya.

Tayoyi: faɗin santimita 6 zuwa 7, kauri 2. Kada ka yi ƙasa da haka. Titunan unguwanninmu yashi ne, ƙaramar taya nutsewa take, kuma babbar taya ko ta cire ba ta shiga bakin yaro. Hanyar yin su uku ce.

Ta farko, zagayayyen zarton da ake ɗaura wa injin huda, wanda kafintoci ke fasa wurin makullin ƙofa da shi. Abin da ya faɗo daga cikinsa taya ce gamammiya, har da raminta a tsakiya, sai dai ramin kusan milimita 6 ne, a faɗaɗa shi zuwa 8. Ka ce wa yaron shagon ya huda rabi ta wannan fuska, ya juya ya ƙarasa ta waccan, bakin ba zai yayyage ba. A yi wannan a jikin dogon katako da aka danne da kyau. Kada ka yarda kowa ya riƙe ɗan guntu da yatsu a bakin inji, ko na huda ko na yanka, wannan shi ke cin yatsun masu koyo.

Ta biyu, da hannu. Zana da'ira da kamfas ɗin 'yan lakwal, tsininsa ya bar maka alamar tsakiya. Huda ramin tukuna, sannan ka yanke kusurwa huɗu, ka sake yanke takwas ɗin da suka fito, ka ƙarasa da magagari har bakin layi. Akwai cin lokaci, amma tana fita.

Ta uku, itacen da Allah Ya riga Ya zagaye. Karyayyiyar taɓarya ta fi komai, ta bushe shekara da shekaru kuma itacenta mai tauri ne, sai ka yanka ta fala-fala. Reshe ma yana yi. Tun da sassaben zamani ya bazu a gonakin jihar nan daga shekarun 1980, inda manomi ke barin kututture ya tofo yana rage masa rassa, ba a rasa reshen bedi ko na aduwa a hannun masu gona, ba sai an sare itace ba. Sharaɗin dai shi ne reshen ya bushe ɗungurungum da ɓawonsa na watanni kafin a yanka. In ka yanka shi ɗanye, kowane fale zai tsage daga tsakiya zuwa baki. Tsakiyar reshe kuma ba lalle ta zama tsakiyar da'ira ba. Ɗora falen a kan takarda ka zana, ka yanke, ka ninka gida huɗu, inda layukan suka haɗu nan za ka huda.

Ko ta wace hanya ka bi, akwai dabarar daidaita su. Zura tayoyin huɗu a dogon noti na milimita 8, ka ɗaure su tam, ka sa kan notin a bakin injin huda, wani ya riƙe injin a kan benci. Yana juyawa kana danna samfefa lamba 80 da ka naɗe a katako. Cikin 'yan mintuna duk huɗun za su zama girma ɗaya.

Haɗawa. Goge kowane ɓangare tun kafin mannawa, don bayan an haɗa akwai lungun da hannu ba zai shiga ba. Shafa gam siriri a fuska biyu, ka haɗa, ka ɗan murza su har ka ji sun kama, ka naɗe da robar taya ko ka ɗora bulo. Ƙarshen katako, inda jijiyoyi suka buɗe baki, shanye gam yake, don haka shafa masa sau ɗaya, jira minti biyar, ka sake shafawa sannan ka haɗa. Gam ɗin da ya bulbulo, share shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, gam na yin fata cikin ɗan lokaci, sai ka yi aikin da safe a inuwa, ɓangare ɗaya-ɗaya. Bar shi a matse awa ɗaya, kada kuma a wahalar da shi sai ya kwana ya wuni.

Washegari ka huda ramuka biyu ta ƙarƙashin gindin su shiga cikin kan motar, ka shafa wa turaku gam ka buga su, ka yanke abin da ya fito. Haka za ka yi wa mazaunin sandar taya, turke ɗaya a kowane gefen kwarin, da kusurwoyin bodi da sirarin turaku. Wannan ne ke sa mota ta faɗo daga kan dakali ba ta rabu ba.

Sa taya shi ne na ƙarshe, bayan an gama launi da mai. Tsaga kowane ƙarshen sanda da zarto zurfin santimita 1.5. Manna taya ɗaya. Goga kyandir a tsakiyar sandar, inda za ta juya, ka kiyaye kada ya taɓa inda gam zai zauna. Zura ta cikin ramin. Kafin ka sa taya ta biyu, saka guntun kwali tsakanin kowace taya da jikin motar, shi zai bar 'yar tazarar da ake buƙata, in gam ya bushe ka yage shi. Gam ɗin a cikin ramin tayar za ka sa, daga waje, kaɗan, don kada ya gangara ya kama sandar da jikin mota. Sai ka fere ɗan siririn katako mai bakin gatari, ka shafa masa gam, ka buga shi cikin tsagar nan, yadda ake yi wa ƙotar guduma. Bakin sandar zai buɗe ya cije tayar. Abin lura ɗaya: tsagar ta gicciye jijiyar katakon tayar, in ta bi tsawonta tayar ce za ta dare. Yanke abin da ya yi saura, ka goge ya yi daidai da fuskar taya.

Yaranmu sun saba da motar kara da ta langa-langa mai dogon sitiyari, ba sa son durƙuso. Ga wanda ya wuce shekara uku, manna dunƙulen katako a bayan bodi, ka huda shi a karkace, ka sa sanda mai tsawon santimita 60 zuwa 70 wadda aka dunƙule kanta. Igiyar ja kuwa, ga ƙanana kada ta wuce santimita 22, kuma ba madauki ba ƙulli a ƙarshenta, saboda wuya.

Wanda ya iya wannan gindin ya iya sauran. Ka tsawaita shi ka ƙara sanda ta uku, ya zama tirela irin masu ɗauko kaya ta Ɗan Isa. Ka bar sanda ɗaya a tsakiya da dogayen hannuwa biyu a gaba, ya zama amalanke.

Akuya, katantanwa da dara

Dabba mai taya ana yin ta da katako mai kauri 2 ko 3. Zana akuya a gefe, jiki dunƙule, ƙafafu gajeru masu kauri, jijiyar katakon ta bi tsayin ƙafafun, in ta gicciye su karyewa za su yi a faɗuwar farko. Ƙaho da wutsiya ka bar su a matsayin ɗan tudu kawai. Kafa ta da turaku a kan ƙaramin gindi irin na mota. In abin na ɗan wani ne, tambayi iyayen tukuna, domin akwai gidajen da ba sa son siffar mai rai, ko da yake malamai da yawa sun sassauta a kan abin wasan yara bisa hujjar 'yan tsanan Nana A'isha. Wanda bai so ba, a yi masa mota.

Katantanwar katako taya ce guda da sanda mai tsawon santimita 8: santimita biyu a ƙasa, a fere su su yi tsini mara kaifi, sauran a sama don murzawa. In tana rawa, ramin ne bai zauna a tsakiya ba. Ta 'yan shekara biyar ce zuwa sama.

Allon dara kuma na manyansu ne, har da iyayen. Katako mai faɗin 24 da tsawon 28, layi biyar na ramuka shida-shida, tazarar santimita 4, turaku goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, kala biyu. Turakun nan duk suna shigewa bututun gwaji, don haka a ɗinka musu jaka a rataye inda mai rarrafe ba ya kaiwa.

Launi da mai

Katakon da aka goge da kyau bai buƙatar fenti, kuma fentin da ake aunawa a kwalba a kasuwa, wanda ba ka ga gwangwaninsa ba, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. In dole sai fenti, nemi na ruwa wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba dalma. Fentin mota da ragowar na masu walda, a'a.

Launin da ya fi kwanciyar rai yana wurin masu kayan koli. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata ja da shi, in ka tafasa shi da ɗan kanwa yana ba farin katako ja mai kyau, akuyarka ta fito jar akuyar Maraɗi sosai. Kurkum na ba da rawaya, amma shi kada ka sa masa kanwa, juyewa yake ya yi ja. Lalle na ba da ruwan ƙasa. Zoɓo yana da kyau ranar farko, daga baya ya koɗe. Shafa da tsumma sau biyu ko uku, kana bari yana bushewa. Ruwa na tayar da gashin katako, don haka in ya bushe ka bi shi sama-sama da 220.

Fitila, ƙofa, lambar mota, idon akuya, duk da wuta za ka zana su, da ƙarfen da aka gasa a garwashi irin na masu zanen ƙwarya. Ba ya gogewa, ba ya ɓallewa. Kada ka manna marfin kwalba, dutsen ado, maganaɗisu ko madubi. A kan tubala kana iya ƙona lambobi da baƙaƙe, na boko a wannan fuska, na ajami a waccan. Ban da sunan Allah ko aya, abin da zai kwana a ƙasa ne.

Man shafawa: kakin zuma kashi ɗaya, man kaɗe kashi uku. Sa su a gwangwani mai tsabta, ka ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har su narke, kada ka ɗora shi kai tsaye a wuta. Man farafin na sha da ake sayarwa a farmasi ma yana maye gurbin man kaɗe, kuma ba ya tsami. Ba kananzir ake nufi ba. Man gyaɗa, duk da arharsa a garin nan, bai dace ba: yana yin ɗoyi in ya daɗe, yana kiran tururuwa, kuma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Shafa da tsumma, bar shi ya kwana, ka goge da busasshen ƙyalle har ya daina maiƙo. Wurin da gam zai zauna, wato ramin taya da bakin sanda, kada mai ya taɓa shi.

Kafin ka miƙa

Saki abin daga tsayin ƙugunka a kan siminti, sau biyar, ta fuskoki daban-daban. Kama kowace taya ka ja, ka murɗa da ƙarfinka na babba. Duk abin da ya ɓalle, gwada shi a bututu, ka gyara dalilin ɓallewar, ba mayar da shi kawai ba. Ja tsohon mayafi mai santsi a duk jikinsa, inda ya kama akwai sartse, koma da samfefa. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in launi ya fito da yawa, ƙara gogewa ka sake shafa kaki.

A gida kuma, a ajiye su a kwando ko a kan kanta, don gara ba ta jin kunyar farin katakon da ya kwana a ƙasa. Ba a jiƙa su a ruwa, tsumma mai ɗan sabulu ya isa, a shanya a inuwa. Lokaci biyu ne na dubawa: tsakiyar damina, in katako ya kumbura taya ta cije, sai ka zura samfefa tsakaninta da jikin motar ka ƙara kyandir, da tsakiyar hunturu, in ya tsuke, sai ka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya kana murɗawa. Wadda ta yi lako-lako, yanke sandar gaba ɗaya ka sa sabuwa, domin sabon gam ba ya kama tsohon da ya bushe a cikin rami sai an sake huda shi.